Nasiha Ga Masu A-kori-kura: Kada Faɗin Taya Ya Ruɗe Ku

 

 Ni yau maganar taya na zo da ita. Wani zai ce, me ya haɗa mai hatsi da taya? Abin da ya haɗa shi da buhu. Hatsin da bai isa gaban sikeli ba ai ba a sayar da shi ba tukuna, kuma a wannan zamani a kan roba huɗu yake tafiya.

Wata al'ada ta shigo mana. Mutum ya sayi a-kori-kura, Hilux ko wata irinta, kafin ya mai da kuɗinsa sai ka ga ya cire tayoyin da ta zo da su ya ɗaura manya. In ka tambaye shi dalili sai ya ce don ta ɗauki kaya, ta kuma tsallake rami. In ya je shagon taya a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa sai a jera masa biyu ko uku masu kama da juna, tsayinsu kusan ɗaya, a ce Alhaji zaɓi. Shi kuwa sai ya ɗora hannu a kan wadda ta fi faɗi, domin ita ta fi cika ido. To ni a ganina kallon kitse ake yi wa rogo. In taya biyu suka yi tsayi ɗaya, mai dakon hatsi ya ɗauki wadda ta fi siranta, muddin an rubuta mata C ko LT a jiki. Kuma ya ɗauki mafi ƙarancin ƙarin tsayi da zai biya masa bukata. Zan kawo hujja da lissafi, wanda ya ga kuskure a lissafin ya aiko da nasa.

Mu da muka taso muka tarar da Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, na kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975, ba mu san wannan ruɗani ba. Taya ta ƙare, a kai tsohuwar, a ce a ba ni irinta, shi ke nan. Ana yin Michelin a Fatakwal, ana yin Dunlop a Ikeja. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008. Tun daga nan galibin abin da muke takawa daga ƙetare yake zuwa, daga Sin da Tailan da Indunusiya da Indiya da sauransu, da sunaye waɗanda wani lokaci mai shagon kansa bai iya faɗarsu ba. Daɗa kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, aka saki Naira a watan Yuni, kuɗin taya huɗu ya zama jarin wani. Abin da ya kai haka ba a sayensa da ido kawai.

A gefen kowace taya akwai rubutu, kuma wanda ya iya karanta allo ba zai kasa wannan ba. Ɗauki 265/70R16. Lambar farko, 265, faɗin taya ne da milimita. Ta ƙarshe, 16, girman rim ne da inci. Harafin R irin saƙar da ke cikinta ne. Ta tsakiyar ce take kayar da mutane. Wannan 70 kaso ne, watau tsayin gefen taya daga bakin rim zuwa ƙasa kashi 70 ne cikin 100 na faɗinta. Saboda haka 70 ta siririyar taya da 70 ta mai faɗi ba tsayi ɗaya ba ne. Zakkar buhu goma da zakkar buhu ɗari duka ushiri ne, amma je ka duba abin da kowannensu ya fitar daga rumbu.

Hilux ta aiki, wadda yawancinmu muke da ita, da 205R16C take fitowa, tsayinta a tsaye kimanin milimita 735. Manyan da ake sa mata kuwa gida biyu ne, kowane gida da tagwaye. Gidan farko 245/75R16 da 265/70R16: ta farko milimita 774, ta biyu 777, bambancin bai kai kaurin ƙwayar masara ba. Gida na biyu 235/85R16 da 265/75R16: ɗaya 806, ɗaya 804. Ka ga ke nan in mai shago ya ce maka duk ɗaya ne, bai yi ƙarya ba a wajen tsayi. Inda suka rabu yana cikin ƙananan lambobin da ke biye, waɗanda ba wanda yake sunkuyawa ya karanta.

Bayan girman taya akwai lambar nauyi. A jikin 205R16C galibi za ka ga 110/108. Ta farko ita ce tamu, ta biyun ta motar da ake goya wa taya biyu a gefe ɗaya ce, kamar Canter. Lamba 110 ma'anarta taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,060. To ita 265/70R16 da ta cika shaguna, wadda kowa ke sha'awa, yawancinta 112 ce, watau kilo 1,120, kuma babu C babu LT a jikinta, domin an yi ta ne saboda jif ɗin masu hali, ta kai yara makaranta ta dawo. Wani zai ce to ai ko a haka ta fi da kilo 60. Tsaya tukuna. A Amurka, ƙasar da a-kori-kura ta yi yawa ƙwarai, ƙa'ida ce in aka sa tayar ƙaramar mota a motar kaya a raba nauyin da aka rubuta mata da 1.1 kafin a yarda da shi. Raba 1,120 da 1.1, za ka sami 1,018. Watau wannan ƙatuwa da ka biya kuɗi mai yawa ka ɗaura, a wajen dako ba ta kai siririyar da ka cire ka ba mai faci kyauta ba. Ita kuwa abokiyar tagwaicinta, LT245/75R16 wadda aka rubuta wa 120/116 da 10PR, kilo 1,380 aka buga a jikinta. Tsayi ɗaya, rim ɗaya a inci, amma bambancin abin da biyun baya za su ɗauka ya haura buhu bakwai.

Dalilin kuwa a gini yake. C da LT alama ce ta tayar da aka yi wa ƙarfafan zaruruwa da waya a ciki, don ta riƙe iska mai yawa ta tsaya ƙyam a ƙarƙashin nauyi. Wadda ba ta da wannan, in aka danne ta da kaya sai kumatunta su yi ta lanƙwasawa suna miƙewa a kowane juyi. Lanƙwasa waya sau da yawa ka taɓa wurin, ka ji yadda ya yi zafi. Haka cikin taya yake yi. Ka haɗa wannan da kwaltar Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a ma'auni, sai roba ta rabu da waya. Fashewar da muke ji a hanyar Katsina da azahar, a ce ai tsautsayi ne, da yawanta daga nan take. Tsautsayi gaskiya ne, ba mai musun ƙaddara, amma ana tambayar mutum abin da hannunsa ya yi.

Sa'an nan akwai abin da ya fi duk wannan, wanda ko masu sayen LT ɗin ma suna sakaci da shi. Iska ce take ɗaukar kaya, roba jaka ce kawai da aka zuba ta. Wannan kilo 1,380 ba ta ba ka shi sai gejin mai faci ya nuna 80. A kan 65 kimanin kilo 1,190 take ɗauka. A kan 50, kilo 1,000. A kan 35, wanda shi ne abin da yaron mai faci ya saba dura wa kowace mota in ba ka yi magana ba, kilo 770 kacal. Ka ji fa. Ka sayi taya mai tsada, ka bar ta da iskar tasi, ka koma ƙasa da inda ka fito. Ita ma 205R16C ba ta cika 1,060 ɗinta sai a kan 65. Saboda haka in za a yi lodi, direba ya sauko ya tsaya a kan mai faci, ya faɗi lambar da bakinsa, kuma a gwada da safe taya na sanyi. In ka dawo daga tafiya ka ga geji ya hau, kada ka sace iskar, zafi ne ya ɗaga ta, za ta koma da kanta. Kuma a sani bakin iska na roba da aka saba sawa iyakarsa 65 ne. Mai son wuce haka sai ya sa na ƙarfe, ya kuma tabbata rim ɗinsa zai jure.

Da na ambaci rim, shi ma yana da faɗinsa, an buga shi a jiki, za ka ga kamar 16x6. Hilux mai 205R16C yawanci rim mai inci 6 ke gare ta. Ita 265/70R16 masu yin ta sun ce daga inci 7 take farawa, haka 265/75R16. Ita 245/75R16 daga 6 da rabi. Cikin huɗun nan, 235/85R16 ce kaɗai aka yarda ta hau inci 6. Na san mai faci zai iya tura kowacce ta shiga, da sabulu da ƙarfe da gumi. Ƙafar babba ma tana shiga takalmin yaro in an matsa. Amma taya mai faɗi a ƙunƙuntaccen rim cikinta yake turowa, tsakiyar zanen ya cinye gefuna suna nan sababbi, mota kuma ta riƙa rangaji a kwana kamar kwalekwale. In za ka sa mai faɗi ta halal sai ka sayi rim huɗu, ko biyar da na safaya. Ka sa wannan cikin lissafi tun kana shago.

To sai maganar tsayi, wanda shi ne asalin abin da ya kai mutane shagon. Abin da ba a lura da shi ba, rabin ƙarin ne kawai yake ɗaga mota, ɗaya rabin yana sama cikin madigadi. Daga 735 zuwa 774, cikin motarka ya tashi da milimita 20, faɗin babban yatsa. Daga 735 zuwa 806 ya tashi da 35, yatsu biyu. Wannan shi ne duk ribar. Ga kuma abin da ka biya. Cika kwano da gero ka riƙe shi a ƙirji, sa'an nan ka miƙa hannunka da shi gaba. Geron bai ƙaru ba, amma kafaɗa ta san an canza. Haka inji yake ji in taya ta yi tsawo, haka birki yake ji. Gidan farko yana rage ƙarfin ja da ƙarfin tsayawa da kamar kashi 5 ko 6 cikin 100, gida na biyu kusan kashi 10. Mota ba kaya ba za ka ji ba. Amma da buhu goma a baya, a layin shiga kamfani a Bompai, tashi ka tsaya, tashi ka tsaya, kuloci ne yake biyan bashin, ka ji yana ƙauri. Kuma ranar da mai Adaidaita Sahu ya faɗo maka gaba a shataletale, wannan kashi 10 na birki shi ne tsakanin salati da asibiti. Ga shi kuma mota ta ƙara tsawo, buhuna sun haura kan direba, nauyi ya koma sama, in ta karkata ba ta dawowa da wuri.

Akwai wata ɓarnar da doguwar taya take yi wadda ba a jikin mota take ba, a tsakanin mutane take. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san an canza ta ba. In ka sa mai tsayin 806, mota ta yi kilomita 110 sai ya rubuta 100. Allura tana kan 100, kai kuwa kana kusa da 110. To maigida yana zaune a rumfa da littafinsa, ya saba lita kaza tana kai kilomita kaza. Bayan an sa sababbin tayoyi sai ya ga mai yana ƙarewa, maleji bai tafi ba. Taya mai nauyi da faɗi dama tana ƙara shan mai, maleji kuma yana tauye tafiya, abu biyu sun haɗu a kan mutum ɗaya. Sai zato ya shigo, a ce direba yana zuƙe tanki ko yana lodin kansa a hanya. Na ga an raba gari da direban kirki a kan wannan, mutum mai iyali, alhali ɓarawon yana nan a ƙarƙashin mota yana juyawa. Wanda ya canza taya, ya sake auna motarsa a hanyar da ya san tsawonta kafin ya buɗe baki a kan bawan Allah.

Ban ce babbar taya ba ta da ranarta ba. Mai shiga ƙauyukan arewa, wajen Ɗambatta da Kazaure da Ɓaɓura har Maigatari, inda rairayi yake kama mota, yana da uzuri, taya mai faɗi da tsawo takan taimake shi ta hau bisa yashi. Ko shi ma, direbobin da suka san hanyar za su gaya maka rage iska a wurin yashin ya fi faɗin aiki, in an fito kwalta a mayar. Mai bin hanyar da manyan motoci suka haƙa wa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya, shi ma yatsu biyun nan na iya hana cikin motarsa gugar ƙasa. In dai sai an yi, a gida na biyu ni 235/85R16 zan nuna masa: tana hawa rim ɗinsa, kusan duk wadda za ka samu LT ce, ba ta cika gugar madigadi in an karya sitiyari kamar mai faɗin ba, a taɓon damina kuma siririya takan yanka ta sami ƙasa mai tauri inda mai faɗi take tsayawa tana juyi a sama.

Amma mu yi wa kanmu adalci, nawa ne cikinmu suke shiga yashi? Aikin yawancinmu a gari yake. A ɗauko masara ko dawa daga Dawanau a kai masu niƙa a Bompai, inda kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills yake tun shekarun 1970. A kai waken suya da gyaɗa wa masu matsar mai a Sharada, a juyo da dusa ko abincin kaji. A kai shanshera wa masu casar shinkafa. Wasu kuma su kai fatu majemun Challawa, kuma fata mai gishiri da danshi ta fi yadda ido ke ganinta nauyi. A waɗannan unguwanni abokin gabar taya shi ne ƙusa da guntun waya da yankakken ƙarfe, da bakin kwalta da tirela ta karya, da rami da ruwa ya rufe ba ka san zurfinsa ba. Duk waɗannan gefen taya suke nema da kaurin cikinta. Faɗi ba ya maganinsu, sai ma ya ƙara wurin da za a taka.

Saboda haka ga abin da nake gaya wa wanda ya zo rumfata neman shawara. In rim ɗinka inci 6 ne, aikinka kuma a gari, zauna a kan 205R16C ɗinka, ka sayi mai kyau, ka ba ta iskarta. Masu ƙera motar ba wawaye ba ne. In kana son ƙarin ƙarfi, nemi 225/75R16C, wadda akan samu da lamba 118, watau kilo 1,320. Tsayinta 744, ƙarin milimita 9 kacal, maleji da birki ba za su ma san an yi baƙo ba, kuma tana hawa inci 6 lafiya. Ba ta da kwarjini a ido, shi ya sa ba a tallarta. In kuwa rim ɗinka ya kai inci 7, aka ajiye maka 245/75R16 da 265/70R16, duba haruffa tukuna. Wadda ke da LT ita ce taka. In duka biyun LT ne, don akan sami 265 ɗin ma a haka, to ɗauki 245, ta fi sauƙi a jiki, ta fi sauƙin mai, ba ta gugar bodi in sifirin ya kwanta. Aibinta, da ita da duk 'yan'uwanta masu 10PR, mota ba kaya tana tsalle kamar jaki ya ga kura, sai ka rage iska in za ka dawo wayam. Mai ciwon baya ya san da wannan.

Yanzu ga inda za mu ɓata da wasu abokaina. Duk wanda ya sa babbar taya, a zuciyarsa akwai buhu biyar da yake son ƙarawa. A-kori-kura irin wannan an yi ta ne a kan tan ɗaya ko ƙasa da haka, da direba da yaron mota a ciki. Buhunmu kilo 100 ne, kwano 40. Watau buhu goma ma an kai baki. Mu kuwa muna ɗora ashirin, har da ashirin da biyar, 'yan dako biyu su hau sama. Lissafa da kanka: tayoyin baya biyu masu lamba 110 kilo 2,120 ne iyakarsu, ciki har da nauyin bayan motar kanta, kuma kusan duk lodin a kansu yake sauka. Ka ce to shi ya sa na sa LT. Madalla, ka ƙarfafa taya. Aksul fa? Boris fa, da sifirin, da notin wili, da birki? Suna nan yadda aka ƙera su. Akwai ɗan allon ƙarfe ko takarda a jikin ƙofar direba ko cikin gidan inji da aka rubuta iyakar nauyin gaba da na baya, kuma a Hilux ɗin da na duba na baya bai kai tan 2 ba. Da taya ce take fashewa ta yi maka gargaɗi, yanzu ka toshe bakinta, sai aksul ya tsinke wili ya wuce ka a guje. Garin neman gira a rasa ido.

Abin mamaki, babu wanda ya kai mu samun hanyar sanin gaskiya. Kamfanonin da muke kai wa kaya galibi suna da babban sikelin da mota ke hawa, a auna ta da kaya, a auna ta wayam, a ba ka takarda. Rana ɗaya ka roƙi mai sikeli, in babu layi, ya bar ka ka ɗora tayoyin baya kaɗai a kan faranti, na gaba suna waje. Abin da ya nuna ka raba biyu, ka je ka gwada da lambar da ke gefen tayarka da iskar da ke cikinta. Mu da muke rigima a kan rabin kilo in an zo biyanmu, bai kamata mu jahilci rabin tan da ke kan wuyanmu ba.

Wannan kuma ba maganar kanikanci kaɗai ba ce. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa wanda aka ɗauka aiki da lada amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa in babu sakaci ko ƙetare iyaka. Amma sun ware mai dakon abinci. Shi in ya ce hatsi ya salwanta a hanya, ba a karɓar maganarsa sai da shaida, matuƙar mai kayan ba ya tare da shi. Sun kuma ce wanda ya yi hayar dabba a kan kaya sananne, ya ƙara mata abin da irinsa yake halaka dabba, ta halaka, to ya lamunta. Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan na masu ita ne. Amma mai hankali ya dubi inda maganar ta dosa. Mai mota da ya san tayarsa ta jif ce ya karɓi buhu ashirin na mutane, ta fashe, masara ta watse a kwata, da wane baki zai ce ba sakaci? Mai kaya kuma da ya matsa wa direba a ƙara biyar don ya huta da kuɗin sawu na biyu, in aksul ya karye, shi ma ya shirya amsa. Hatsi ma ana iya biya. Yaron da ke zaune a kan buhu, in ya faɗo, uwarsa ba buhu za a kai mata ba.

Ku kuma 'yan'uwana masu shagon taya da dillalanku, kalma ɗaya. Manyan lambobin nan sun fi yawa a gwanjo, domin daga jif-jif na Turai ake ciro su, alhali tsohuwar taya tana cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, hukumar kiyaye haɗurra kuma, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne a kanta. Wasu an yi su ne don ƙanƙarar hunturun can, robarsu taushi gare ta, a zafinmu sai ta cinye kamar sabulu. Wasu an bi zanensu da wuƙa mai zafi an zurfafa, an shafa baƙin mai suna ƙyalli. Wanda ya san aibi ya ɓoye ya san hukuncinsa, kuma mai saye yana da ikon mayarwa in ya gano. Kai mai saye, nemi lambobi huɗu da ke cikin ɗan zagaye a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. In uku ka gani maimakon huɗu, an yi ta kafin 2000, ta girmi yaron motarka. In wurin ya yi kama da an goge ko an ƙona, ajiye ta ka yi sallama. Ka kuma leƙa cikinta da tocila, ka shafa da hannu, facin gefe ba ya ɗaukar buhu.

In ka canza huɗu, ka canza ta biyar. Safaya mai tsayin 735 a gefe ɗaya da mai 806 a ɗaya gefen, a aksul guda, wahala ce ga ƙarfen tsakiya da ke raba musu juyi, balle a mota mai jan ƙafa huɗu. Kafin ka biya, sa a gwada ko babbar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, don sau da yawa ba ta shiga, sai ta dawo cikin bodi ta cinye wurin buhu. Jak ɗin da ya zo da mota ma ka gwada shi a ƙofar gida da kaya a kai, ka ga ko zai ɗaga har sabuwar ta bar ƙasa, ka tanadi katako mai kauri na ɗorawa, tun kafin ranar da za ka neme shi bayan magariba a hanyar Panshekara.